Yadda gubar ƙwayoyin cuta ke kama bangon hanji: Bayani kan kwalara da dangoginta

A shekarar 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, mai hedikwata a unguwar Jabi da ke Abuja, ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, inda 3,604 daga cikinsu suka rasu. Annobar ta shafi jihohi 33 da Babban Birnin Tarayya, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi yawan waɗanda suka kamu.

Ƙwayar cutar da ta yi wannan ɓarna ba ta shiga jini, ba ta kuma huda hanji. Tana zaune ne a saman bangon ƙaramin hanji tana zubar da guba, gubar kuwa ba ta iya taɓuka komai sai ta samu wani wuri na musamman da za ta kama a jikin ƙwayoyin halittar hanjin. Wannan kamun shi ne mafarin cutar. Fahimtarsa ce ke bayyana dalilin da gudawar kwalara ke zuba kamar ruwan wankin shinkafa, da dalilin da ruwan gishiri da sukari ke ceton rai, da kuma abin da ya bambanta kwalara da atini.

Tsarin bangon hanji

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai tsawon mita shida ko kusa da haka. Cikinsa a lulluɓe yake da layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, waɗanda suke jere a manne da juna kamar tubalin gini. Saman kowace ƙwaya yana da ƙananan tsiro masu kama da gashin buroshi, a bisansu kuma akwai yauƙi mai kauri da ke kare su.

Kowace rana kimanin lita takwas zuwa tara na ruwa ke ratsa hanjin. Kaɗan daga ciki ne abin da mutum ya sha. Mafi yawa yawu ne da ruwan ciki da na matsarmama da sauran ruwayen narkar da abinci. Hanji yana tsotse kusan dukkansa ya mayar cikin jini, abin da ke fita a bahaya bai fi cikin ƙaramin kofi ba. Hanyar tsotsewar kuwa ta gishiri ce. Ƙwayoyin halittar hanji suna jan sinadarin sodiyam zuwa ciki, ruwa ya biyo shi. Idan kuma suka saki sinadarin kuloraid zuwa waje, ruwa ya bi shi waje. Lafiyar ciki ta dogara ne kan daidaiton waɗannan ayyuka biyu.

Fatar kowace ƙwayar halitta cike take da furotin da kitse masu ɗauke da sarƙoƙin sukari da suka leƙo waje. Jiki yana amfani da su wajen karɓar saƙo, da gane abinci, da haɗa ƙwaya da maƙwabciyarta. Duk wanda wani sinadari daga waje zai iya kamawa daidai da siffarsa, masana suna kiransa makarɓi. Dangantakar guba da makarɓinta irin ta makulli da kwaɗo ce: sai siffa ta dace da siffa. Ba domin guba aka halicci makarɓin ba, ƙwayoyin cuta ne suka samo makullin da ya dace da kwaɗon da jiki ke amfani da shi don wata buƙata tasa.

Ƙwayar kwalara da ƙirar gubarta

Sunan ƙwayar cutar a ilimin kimiyya Vibrio cholerae. Siffarta kamar waƙafi take, tana da jela guda da take iyo da ita. Likitan Italiya Filippo Pacini ya gan ta a madubin likita a 1854, shekarar da John Snow ya danganta annobar Landan da ruwan wani famfo. Robert Koch na Jamus ya ware ta a bincikensa na Masar da Indiya tsakanin 1883 da 1884.

Ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da mutum ya haɗiya. Shi ya sa sai an sha su da yawa kafin cuta ta kama, shi ya sa kuma mai ƙarancin tsamin ciki, ko mai shan maganin rage shi, ya fi saurin kamuwa. Waɗanda suka tsira sukan isa ƙaramin hanji, su ratsa yauƙin, su manne da juna da bangon hanji ta wasu siraran zaruruwa, sannan su fara fitar da guba. Alamomi kan bayyana daga awa 12 zuwa kwana biyar bayan kamuwa.

Koch ya yi hasashen akwai guba, amma sai a 1959 masanin Indiya Sambhu Nath De ya tabbatar da hakan a Kalkata. Ya tace ruwan da aka raini ƙwayoyin a ciki har babu ƙwaya ko ɗaya, ya zuba shi cikin wani ɗaurarren yanki na hanjin zomo, sai yankin ya kumbura da ruwa. A 1969 Richard Finkelstein da abokin aikinsa suka tsarkake gubar a Amurka.

Gubar furotin ce mai sassa shida. Biyar daga ciki iri ɗaya ne, ana kiransu sashen B, sun haɗu sun yi da'ira kamar zobe. Na shidan, sashen A, yana zaune a saman zoben, wutsiyarsa ta ratsa ramin tsakiya. Aikin sashen B kamawa ne kawai. Idan aka raba shi da A ba ya sa gudawa. Sashen A shi ne mai ɓarna, amma shi kaɗai ba ya iya shiga ƙwayar halitta. Wani gwaji da aka yi da masu sa kai a Amurka ya nuna ƙarfin gubar: maikirogiram 25 kacal ya sa mutum zubar da fiye da lita 20 na ruwa.

A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa umarnin ƙera gubar ba na asalin ƙwayar ba ne. Wani bairos ne mai kama bakteriya ya shigar mata da shi. Wannan na cikin dalilan da yawancin dangin Vibrio cholerae da ke rayuwa a ruwa ba sa haddasa annoba. A cikin rukunoni fiye da 200, biyu ne kawai ke yi, O1 da O139.

Makarɓin GM1: Inda gubar ke kamawa

A 1973 masana a Suwidin da Ingila da Amurka, cikinsu har da Jan Holmgren, suka nuna cewa makarɓin gubar kwalara wani kitse ne mai suna GM1. Gindinsa a kafe yake cikin fatar ƙwayar halitta, kansa kuma sarƙar sukari biyar ce da ta leƙo cikin hanji. Sarƙar tana da rassa biyu, kowane da sukarin da ke ƙarshensa, kuma waɗannan biyun ne ke shiga wani ɗan loko a jikin sashen B kamar yatsa da babban yatsa. An ga wannan dalla-dalla a 1994, lokacin da aka fitar da hoton gubar tana riƙe da makarɓin.

Kowane ɗaya daga sassan B biyar yana da nasa lokon, don haka guba guda tana iya riƙe GM1 har biyar a lokaci ɗaya. Idan riƙo ɗaya ya kwance, sauran suna nan har ya sake kamawa. Wannan ne ya sa gubar da ta riga ta kama ba ta wankuwa, komai yawan ruwan da ya bi ta kanta.

Ƙwayar cutar tana kuma share wa gubarta fage. Tana fitar da wani inzayim da ke datse sarƙoƙin sukarin wasu kitse dangin GM1, ya mayar da su GM1, makarɓa su ƙaru. Binciken da aka wallafa daga 2015 ya nuna cewa a hanjin ɗan Adam gubar na kama wasu furotin masu ɗauke da sukarin fukos ta wani loko na biyu. Wannan loko yana gane sukarin da ke tantance rukunin jini, waɗanda ake samu a bangon hanji ma. An daɗe da lura a Bangladesh da Indiya da Peru cewa kwalara ta fi tsananta ga masu jini rukunin O, kuma masana suna danganta hakan da wannan kamu na biyu.

Daga kamawa zuwa gudawa

Da zarar gubar ta kama, fatar ƙwayar halitta takan lotsa ta haɗiye ta cikin ƙaramar jaka. GM1 yana jan jakar ta hanyar da ƙwayar ke bi wajen fitar da furotin, amma a juye, har zuwa sashen da ake ƙera furotin a cikinsa. A can ne wani yanki na sashen A ke ɓallewa. Ƙwayar takan ɗauke shi a matsayin furotin da ya lalace, ta tura shi cikin ruwanta domin a wargaza shi, shi kuwa ya kuɓuce ya fara aiki.

Abin da yake nema furotin ne mai suna Gs, wanda aikinsa kamar maɓallin kunna wuta yake: yana kunna inzayim ɗin da ke samar da sinadarin saƙo mai suna cAMP, bayan ɗan lokaci ya kashe kansa. Gubar tana liƙa masa wani guntun sinadari da ke hana shi kashewa. Maɓalli ya maƙale a kunne, cAMP ya taru ya ninka.

Taruwar cAMP tana haifar da abu biyu. Ƙofar kuloraid mai suna CFTR takan buɗe ta ƙi rufuwa, gishiri ya riƙa kwarara cikin hanji. A lokaci guda babbar hanyar tsotse sodiyam takan tsaya. Ruwa ya bi gishiri, tare da fotasiyam da bakabonet. Babban hanji ba ya iya tsotse wannan ambaliya. A lokacin da cutar ta yi tsanani, babban mutum kan zubar da kusan lita guda a awa ɗaya.

Daga nan sauran alamomin ke fitowa. Ƙarewar ruwa ita ke sa idanu faɗawa, fata ta saki, yatsu su yamutse, murya ta dishe, fitsari ya ɗauke. Rashin fotasiyam da sauran gishiri ke kawo ɗaurewar jijiyoyin ƙafa da raunin zuciya. Zubar bakabonet ke sa jini tsami, numfashi ya yi zurfi da sauri. Tun da gubar ba ta kashe ƙwayoyin halitta, ba ta kuma yi wa hanji rauni, galibi babu jini a bahaya, babu zazzaɓi. Farin da ake gani a cikin ruwan yauƙin hanji ne.

Ƙwayar halittar da gubar ta shiga ba ta saurin dawowa daidai. Sai dai bangon hanji yana sabunta kansa duk bayan kwana uku zuwa biyar, tsofaffi su zube, sababbi su maye gurbinsu. Saboda haka kwalara cuta ce mai wucewa da kanta. Abin da ke kashe mutum shi ne ƙarewar ruwa kafin ta wuce, kuma hakan na iya faruwa cikin awoyi.

Ƙofar da gubar ba ta rufe ba

A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa, SGLT1, wadda ke shigar da sodiyam tare da sukarin gulukos. Ba ta karɓar ɗaya sai da ɗayan. Masanin Amurka Robert Crane ne ya bayyana aikinta a 1960. Gubar kwalara ba ta taɓa wannan ƙofa. Idan majiyyaci ya sha ruwa mai gishiri da sukari a daidai gwargwado, sodiyam zai shiga ta nan, ruwa ya biyo shi, duk da cewa gudawar na ci gaba.

An gwada wannan a kan masu kwalara a Daka da Kalkata a 1968. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon bayan ruwan ƙarin jijiya ya yi ƙaranci, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi huɗu. Wannan shi ne asalin ƙunshin ORS da ake samu a kemis da asibitocin sha-ka-tafi a faɗin Najeriya.

Ana narkar da ƙunshi guda a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan babu ƙunshin, ana haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya, a riƙa ba majiyyaci ana kan hanyar asibiti. Gwargwadon yana da muhimmanci. Sukari mai yawa, kamar na lemon kwalba, yana jawo ruwa cikin hanji ya ƙara gudawa. Gishiri mai yawa kuma haɗari ne musamman ga yara.

Wanda ruwansa ya ƙare sosai, ko amai ya hana shi sha, yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya nan take. Likita kan ƙara da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga masu tsananin ciwo. Maganin yana rage masu ƙera gubar, ya taƙaita kwanakin gudawa, amma ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Ba tare da magani ba, kwalara mai tsanani kan kashe kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Da kulawa a kan lokaci, adadin ba ya kai kashi ɗaya. A annobar 2021 ya haura kashi uku a Najeriya, abin da ke nuna cewa da dama ba su isa wurin magani da wuri ba.

Sauran gubobi da makarɓansu

Kowace guba da nata makarɓin, kuma inda makarɓin yake a jiki shi ke tantance irin ciwon da za a gani.

Wani nau'in E. coli mai fitar da guba yana cikin manyan masu haddasa gudawar yara da ta matafiya. Yana da guba biyu. Ta farko 'yar'uwar ta kwalara ce, sun yi kama da kusan kashi 80 cikin ɗari, ita ma tana kama GM1, zafi kuma yana lalata ta. Ta biyu ƙanƙanuwa ce mai jure zafi. Makarɓinta furotin ne mai suna GC-C, wanda jiki ke amfani da shi wajen daidaita ruwan hanji ta hanyar wasu sinadarai nasa. Gubar ta kwaikwayi siffar waɗannan sinadarai, ta fi su ƙarfi, don haka ba ta ma buƙatar shiga ƙwayar halitta: daga waje take danna makarɓin, ƙofar kuloraid ta buɗe. Masu haɗa magunguna sun yi amfani da wannan ilimi suka ƙera maganin matsananciyar ƙullewar ciki, linakulotaid, wanda Amurka ta amince da shi a 2012.

Gubar Shiga tana ɗauke da sunan Kiyoshi Shiga, likitan Japan da ya gano ƙwayar atini a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙirarta irin ta gubar kwalara ce, A ɗaya da B biyar, amma makarɓinta wani kitse ne daban, Gb3. Idan ta shiga, takan lalata injin ƙera furotin, ƙwayar halitta ta mutu. Gb3 yana da yawa a bangon ƙananan jijiyoyin jini na hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ganin jini a bahaya, wasu yaran kuma ƙodarsu ta daina aiki. Wasu nau'o'in E. coli, kamar O157:H7, suna fitar da irin wannan guba. Shanu suna ɗauke da su a hanji ba tare da ciwo ba, domin jijiyoyin jinin hanjinsu ba su da wannan makarɓi. Darasin ga makiyaya da mahauta da masu sayar da nono shi ne, lafiyayyar saniya ma kashinta na iya gurɓata nama da madara da ruwa. A Jamus wani nau'i mai wannan guba ya kashe mutum fiye da 50 a 2011. Bai kamata mai gudawar jini ya sayi magani da kansa ba, domin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna sa irin wannan E. coli ƙara fitar da guba.

Clostridium perfringens tana yaɗuwa a dafaffen nama da miya da aka bari suka huce a hankali, kamar abincin biki da ya daɗe a tukunya ba a kan wuta ba. Gubarta tana kama furotin kulodin, waɗanda ke ɗinke ƙwayoyin halittar hanji da juna, sannan ta huda fatar ƙwayar. Murɗar ciki da gudawa kan fara bayan awa takwas zuwa 16, su wuce cikin yini guda.

Clostridioides difficile kan yi ƙarfi ne bayan an daɗe ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke share bakteriya masu amfani daga babban hanji. Gubarta ta B tana kama furotin Frizzled, wanda hanji ke dogaro da shi wajen sabunta bangonsa, sannan ta wargaza ƙashin ginin ƙwayar halitta. Wannan na cikin illolin shan irin waɗannan magunguna barkatai.

Amfanin sanin makarɓi

Tunda sashen B ba ya cutarwa shi kaɗai, an sa shi cikin rigakafin Dukoral tare da matattun ƙwayoyin kwalara. Garkuwar jiki takan koyi toshe shi kafin ya kai ga GM1, kuma saboda kamannin gubobin biyu yana ba da kariya ta ɗan lokaci daga gubar E. coli. Rigakafin da ake amfani da su a gangamin jama'a, irin su Euvichol, matattun ƙwayoyi ne zalla: suna horar da jiki ya hana ƙwayar zama a hanji tun farko. An kafa rumbun ajiyar rigakafin kwalara na duniya a 2013, kuma Najeriya ta yi babban gangami da shi a Jihar Borno a 2017, bayan ɓarkewar cutar a sansanin Muna da ke Maiduguri. Ƙarancin rigakafin ya sa tun Oktoban 2022 aka koma bayar da sha ɗaya a lokacin annoba maimakon biyu.

An kuma gwada yaudarar gubar da makarɓin bogi. A Daka, a 1980, an ba majiyyata gawayi da aka shafe da GM1. Ya kama gubar da ke yawo a hanji, amma sauƙin da aka samu kaɗan ne, domin kafin majiyyaci ya zo asibiti gubar da yawa ta riga ta shige. Nonon uwa yana yin irin wannan aiki tun kafin ciwo: yana ɗauke da garkuwa da sarƙoƙin sukari masu kama da makarɓan hanji. Shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida kariya ce, kuma ba a dakatar da shayarwa don yaro na gudawa.

Kwalara a Najeriya

Annobar duniya ta bakwai ta faro a tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, aka ga masu ɗauke da ita na farko a Najeriya kusa da Legas a ƙarshen shekarar. A 1971 an ƙirga mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. A 1991 adadin ya kai 59,478, da mamata 7,654. A 2010 an samu fiye da mutum dubu 41. Binciken da aka yi kan annobar birnin Kano ta 1995 zuwa 1996 ya danganta kamuwa da shan ruwan da ake talla a titi da kuma rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A Yunin 2024 NCDC ta buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa bayan ɓarkewar cutar a Legas, daga baya kuma ta ɓulla a Borno bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba.

A Abuja, bututun ruwan madatsar Usuma bai kai ga unguwannin bayan gari da ƙauyuka da dama ba a ƙananan hukumomi shida na birnin, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Jama'a da yawa sun dogara da 'yan garuwa da rijiyoyi da rafuka, waɗanda ruwan damina ke iya wanko musu bahaya. Babban ɗakin gwaje-gwajen NCDC da ke Gaduwa na cikin wuraren da ake tabbatar da samfurin da jihohi ke aikowa. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma hakan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan huɗu ke kamuwa da kwalara duk shekara, dubu 21 zuwa dubu 143 su rasu. Yawancin waɗanda suka haɗiyi ƙwayar ba sa jin komai, amma suna fitar da ita a bahaya na kwana ɗaya zuwa goma, su yaɗa ta ba da saninsu ba.

Abin da ya kamata a yi

Gubar da ta kama makarɓinta babu maganin da ke ciro ta, saboda haka kariya tana gabanin kamun ne, ceto kuma yana cikin mayar da ruwa da sauri.

A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, a adana shi a mazubi mai murfi da ba a tsoma hannu a ciki. A wanke hannu da sabulu bayan fita daga bayan gida, da bayan wanke wa yaro, da kafin girki ko cin abinci. A ci abinci da zafinsa, a sake ɗumama kwantai har ya tafasa, a dafa nama da madara sosai. A nisanta masai daga rijiya, a zubar da kashin yara a masai. A lokacin annoba, a bar wa jami'an lafiya jagorancin wankan gawar wanda kwalara ta kashe, domin gawar na ɗauke da ƙwayoyin.

Duk wanda ya fara gudawa mai ruwa-ruwa, a fara ba shi ORS tun daga bahayar farko, a ci gaba ko da yana amai, kaɗan-kaɗan a kai a kai, a kuma garzaya da shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba. Idan mutum biyu ko fiye a gida ɗaya ko unguwa ɗaya suka kamu a lokaci guda, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC kyauta ta lamba 6232.